Ajiyar da Na Kai Ruga

Wannan babin shi ne wanda na yi ta ɗagawa. Na ba ku labarin gidan ubana, na ba ku na aurena, yanzu ba sauran inda zan kauce. Shekarar da babanku ya rasu nake nufi, da maganar da aka yi ta yi a kaina cikin Urafane, wadda na san ta shiga kunnenku tun kuna ƙanana: wai Dije mai daudawa ta shirya ma mutuwar mijinta tun yana tafiya da ƙafarshi, kuma ta ɗauki sana'ar uwarta ta ba Bafillata, ta tsallake ɗiyar cikinta. Duka biyun an yi su, ba zan ce ƙarya aka yi mani ba. Yadda aka yi ne ba ku sani ba. Ku 'yan maza uku ku karanta ku ji, amma ke Babba, ɗiyata ta fari, da ke nake magana, don ke aka tsallake.

Daudawar batso na gada wajen innata, ita ma wajen tata. Kun tashi cikin warinta, kun san gurguzu, ƙwayar yakuwa, yadda ake sheƙe shi a wanke, a ɗora babbar tukunya tun da asuba a bayan gari, a yi ta iza wuta har rana ta karkata. Kun ga ana rufewa kwana biyu, a daka, a sake rufewa, a turara, a dunƙula, a shanya. Wannan kowace mace mai ƙarfin hannu tana iya yi. Abu biyu ne ba a gani da ido. Na ɗaya ruwan toka: karan me za a ƙone, yaya za a haɗa na gero da na yakuwa, kuma wane kaifi ruwan zai yi a kan harshe kafin a zuba. Na biyu lokacin buɗe tukunya, wanda hanci kaɗai ke faɗa. Dokar gidanmu ita ce waɗannan biyun ɗiya ɗaya ake nuna ma, ta fari, kuma sai ta haihu ta zo wankan jego gida. Ni ma haka aka yi mani. Ke Babba kin yi aure Gidan Amumune, ciki biyu sun zube, shi ya sa har waccan shekarar ba ki karɓi rabonki ba. Lokacin kina ɗauke da ciki na uku, ungozomar gidan likita ta hana ki hawa moto ko amalanke, ta ce ki zauna kusa da su har ki sauka.

Sai ku san kuma inda abincin gidanmu yake fitowa. Gonar babanku tana kai mu wata shida, shekara mai kyau wata bakwai. Sauran daga ƙarƙashin icen bedin nan yake fitowa, wanda ke bakin rumfar mahauta a kasuwa, inda innata ta zauna kafin ni. Duk wanda ya sayi nama sai ya biyo ta gabana, kuma wanda ya sayi nama ba ya jin ƙyashin sayen daudawa. Wurin ba na kowa ba ne a takarda. Zama ke riƙe shi. In aka yi kasuwa uku ko huɗu ba a gan ki ba, sarkin kasuwa ya ba wata, kuma ba ki da ta cewa.

Bayan an gama ɗaurin gero babanku ya tafi Maraɗi, don idonshi ya yi ɗorawa, cikinshi ya ɗan tasa, abinci ba ya shiga. Kwana biyar ya yi. Ranar da ya dawo bai tsaya gida ba, ya iske ni bayan gari da hantsi ina iza wuta. Ya jawo turmi ya kife ya zauna. Shi da kullum yake tsayawa nesa yana toshe hanci, yana ce mani da mura ya aure ni, ran nan kusa da tukunya ya zauna.

“Dije, likita bai ɓoye mani ba. Sun ɗauki hoton ciki. Hanta ce, kuma ta yi nisa. Ya ce in koma gida in ci abin da raina ke so.”

Na ce, “Malam, likita ba Allah ba ne.”

“Ba Allah ba ne. Amma ya ga hoton, ni ma ya nuna mani. Takaba kasuwa nawa ce?”

Wallahi muciyar da ke hannuna na jefar har ta bugi dangan wani. Na ce mashi wannan wace irin magana ce da rana tsaka, mutum yana zaune yana kiran ma kanshi abin da ba a kira. Na faɗa mashi maganganu da ban so in rubuta. Ya bari na gama, sannan ya buɗe yatsunshi yana lanƙwasawa kamar mai ƙirga damman gero. Wata huɗu da kwana goma, ya ce kasuwa goma sha tara ke nan, ban da ta jinya da ba wanda ya san yawanta. Ya ce na san a garin nan ba mai sayen daudawar da mai takaba ta taɓa, ana cewa ba ta tashi. Malamai ba su faɗi haka ba, ni ma ban tabbata ba, amma masu saye sun yarda, kuma su ke da kuɗin. Ya ce kafin in fita takaba wata ta kafa tabarma ƙarƙashin bedi, masu sayena sun saba da miyar wata, ku kuma an raba ku gidajen baffanninku, an cire ku daga lakwal, karatun boko ya ƙare.

“Ni ba ni da abin da zan bar maku sai gona da shanun amalanke biyu,” in ji shi. “Tukunyar nan ita ce gidan. Ki shirya ta tun ina nan ina kallo.”

Na ce to sai a aiko da Babba. Nan ne ya ɗaga kai ya dube ni.

“Yarinyar nan in ta ji, babur ɗin kabu-kabu za ta hau ta biyo hanyar yashin nan, ko wa ya hana ta. Cikin na ukun ma ya zube. Ba za ta ji ba, ba wanda zai ji. Shawara ce ke damuna, haka za ki ce ma kowa. Ki yi mani alkawari.”

Na yi mashi alkawari, hayaƙi yana shiga idona, na samu abin fakewa.

Kwana uku muna neman wadda za a ba. Hure, ƙanwar babanku, ita ce ta fi kusa, amma kun san gwaggonku. Abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin azahar ya kai rijiya. Maƙwabtana kuwa duk wadda na nuna ma, na nuna ma ɗiyanta da ɗiyan 'yar'uwarta ke nan. Babanku ne ya kawo sunan Jumma. Jumma Bafillata ce ta rugar gabas da gari, shekara goma sha shida tana ajiye ƙoren nononta hannun damana a kasuwa. Shanunsu sun ragu, mijinta ya bi sauran kudu, ita tana nan da tsohuwar uwarshi. Na yi dariyar da ban yi ba tun dawowarshi, na ce Bafillata da daudawa, a ina aka taɓa gani. Ya ce matar da ke buɗe ƙwarya ta san nono ya kama tun kafin ta duba, hancin da nake nema ke gare ta. Ya ce kuma shekara goma sha shida ban taɓa kawo mashi labarin kowa daga bakinta ba.

Na je rugar da ƙafata bayan azahar. Da na faɗi abin da ya kawo ni, Jumma ta riƙe baki.

“Ni? Ni da na shekara goma sha shida ina kau da hanci kusa da ke?”

Sai na faɗa mata dalili. Ita kaɗai na faɗa ma, da izinin babanku. Ta yi ta murza igiyar maraƙi a hannunta, ba ta ce mani sannu ba, ba ta ce Allah ya ba shi lafiya ba. Can ta ce:

“Mu wannan habbanaye muke ce mashi. Mutum ya ba ka saniya ka riƙe. Ka sha nono, abin da ta haifa a hannunka naka ne, uwar kuma ka maida ma mai ita. Haka kike nufi?”

Na ce haka nake nufi. Ban tsaya na auna maganar 'yan maruƙan ba, sai daga baya.

Koyarwar ba ta yi daɗi ba, kuma laifin rabi nawa ne, kun san halina. Tukunya ta farko ta zuba ruwan toka mai kaifi, daudawa ta fito da ɗaci, ko akuya ba ta kalle ta ba. Ta biyu ta buɗe da wuri, ƙwaya tana nan tsaye. Tiya goma sha biyu ta gurguzu muka zubar cikin mako biyu. Na yi mata tsawa, na ce hannun da ya saba da nonon saniya ba zai taɓa iya aikin mutane ba. Ta ajiye ludayi ta gyara ɗaurin zanenta.

“Kaɗo, ni ba ɗiyarki ba ce. In kin ƙara, in koma ma ƙwaryata, ki nemi wata.”

Na dawo gida ina huci, na faɗa ma babanku yana kwance ƙarƙashin rumfa. Ya yi dariya har ya riƙe cikinshi don zafi. Ya ce gara ta lalata yanzu ina tsaye a kanta, kuma in koma in ba ta haƙuri. Ni Dije, da ban taɓa ba mace haƙuri a kasuwa ba, na koma da goro biyu. Daga nan na daina faɗa mata da baki, don na gane abin ba ya faɗuwa. Sai in tsiyaye toka kala uku, in ɗiga mata a harshe ɗaya bayan ɗaya, in ce wanne. Sai in ɗaga gefen buhun da aka rufe tukunya, in ce shaƙa, yau ko gobe. A tukunya ta biyar ta ce gobe, ni ma gobe ce a raina.

Na ɗauka an gama. Babanku ya ce ko fara ba a yi ba.

“Kasuwa mai zuwa kada ki fita. Ki yi kamar na riga na tafi. Ta je ita kaɗai, mu ga abin da zai karye.”

Na ce mashi ba shi da tausayi. Amma na zauna. Ran nan sau uku na share tsakar gida, na wanke kwanonin da ke wanke, ina jin hayaniyar kasuwa daga nesa kamar ana kiran sunana. Da la'asar Jumma ta shigo da kwando kusan yadda ta fita da shi. Ta zauna ta zayyana mamu, babanku yana tambaya ɗaya bayan ɗaya. Mutane sun zo ƙarƙashin bedi, ba su ga faifan nan mai jan baki da nake rufe kwando da shi ba, suka wuce, ashe faifan suke hangowa daga nesa. Hajiyar Tasawa mai gidan tuwo, wadda ke kwashe sulusin kayana kowace kasuwa, ta ce ita ba ta san wata Jumma ba, a gaida Dije. Matar garin Attantane da nake sayen gurguzu wajenta ta auna mata na ƙasan buhu, mai yashi. Tsohon nan mai gyaran takalmi ya yi fushi ba a ɗora mashi gyara kan daudawar da ya saya ba, abin da innata ta fara yi mashi tun ina yarinya. Sarkin kasuwa kuma ya zo ya tsaya ya ce wurin wa ye wannan. Duk waɗannan abubuwa a kaina suke, ban taɓa sanin ilimi ba ne, na ɗauka zama ne kawai.

Kasuwar da ta biyo muka tafi tare. Na kama hannun Jumma na sa cikin na Hajiyar Tasawa, na ce ta ɗanɗana ta faɗa mani wace ce tawa wace ce tata. Ta ɗanɗana ta kasa. Na kai ta wajen matar Attantane na ce wannan ni ce, abin da kike auna mani shi za ki auna mata. Na kai ma sarkin kasuwa goro na ce duk ranar da ya ga faifan nan, Dije ce zaune, ko fuskar wa ya gani. Kowa ya tambaye ni dalili, na ce bayana ke ciwo. Ba wanda ya yarda, mace da ke ɗaukar tukunyar tiya shida ita kaɗai. Sau uku muka sake gwajin zaman gida. A na uku Jumma ta dawo da kwando wayam. Babanku ya sa aka ba shi ɗan gutsuren da ya maƙale a kwandon ya shaƙa, ya ce wari ɗaya ne, Allah ya isa tsakaninshi da mu biyu.

Toka ce ta tona ni. Kara ba ya kai damina, dabbobi da masu danga sun cinye shi tun bazara, saboda haka na tara na wata takwas na ƙone lokaci ɗaya, na ɗura a buhuna na jera a zaure kafin a kai ruga. Hure ta shigo gaida yayanta, ta tsaya tana ƙirga buhunan da ido. Ita ma ɗiyar garin ce, ta san tokar mako ɗaya.

“Yaya Dije, wannan tokar wata nawa ce?”

Na ce ta arha na samu.

“Toka ake saye yanzu? Kin koya ma Bafillata, kin kai ta wajen sarkin kasuwa, ga toka ta fi ta takaba yawa. Yayana shawara ke damunshi, ke kin riga kin auna mashi rami.”

Babanku yana ji daga rumfa. Na dube shi, ina jira ya ce wani abu. Ya juya fuska wajen danga. Na san dalili, in ya buɗe baki ran nan, gobe maganar tana Gidan Amumune. Amma na ji zafinshi, kuma har yau in na tuna ina ji. Na ce ma Hure ta fita mani daga zaure. Kafin sallar magariba mata sun daina amsa mani gaisuwa da kyau a rijiya.

Daga nan jiki ya yi nauyi. Wata biyu da rabi ban taka kasuwa ba, ina juya shi, ina ba shi kunu da cokali, ina wanke abin da ake wankewa. Jumma ta kwashe tukwane ta kai ruga, kowace ranar kasuwa da yamma ta biyo ta ajiye abin da ya samu, ta ɗauki nata, ta tafi. Da haihuwarki ta zo, Babba, ban je ba. Na san abin da wannan ya yi maki, ɗiyar fari ta haihu bayan ɓari biyu, uwarta ba ta zo ta dafa mata ruwan wanka ba. Hure aka tura, don ba wata. Na san abin da za ta ɗauka ta kai maki tare da yaji da kanwa, na kuma bar ta ta tafi. Da aka aiko cewa namiji ne, yana da rai, an sa mashi sunan kakanshi, babanku ya ce a tashe shi zaune. Ya yi alhamdu lillahi sau uku, ya ce mani, “To, mun ci.” Bayan suna da kwana goma sha ɗaya ya cika, da la'asar, kaina yana kusa da nashi.

Ranar sadakar uku kika iso da jaririn a baya. Ina zaune a ɗaki cikin zanen takaba, mata cike. Kika durƙusa kika gaishe ni yadda ake gaida baƙuwa. Sannan kika ce, a gaban kowa, da murya ƙasa:

“Inna, ashe kin shirya.”

Na ce, “Na shirya.”

Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan a kan wannan magana, yau shekara goma sha huɗu. Kin ci gaba da zuwa da salla, kina aiko mani da zane, ba ki taɓa yi mani rashin kunya ba. Amma ba ki sake kwana ɗakina ba, kuma ranar da na ce ki zo bayan gari in nuna maki toka, kika ce ai an riga an ba mai rabo.

Takabar ta faɗo cikin zafi ta shiga damina, kuma nan ne na ga kuskuren da ni da babanku duk ba mu hango ba. Da sanyi na koya ma Jumma. Da zafi tukunya ba ta kai kwana biyu, da damina kuma shanya ke ba da wuya. Tukunya ɗaya ta ruɓe mata gaba ɗaya. Ba ta ɓoye ba. Ta zo da hantsi ta tsaya bayan danga, don ta san ba a so in taɓa, ta ɗora ɗan kaɗan a ganye ta miƙo ta kafar zana daidai hancina. Na shaƙa na ce ta wuce da rabin yini. Bayan kwana uku ta sake zuwa da wani ganyen. Haka muka yi har ta kama lokacin zafi, ita a waje ni a ciki, ba hannuna a ciki. Kasuwa goma sha tara faifan nan bai fashi ko ɗaya ba. Ku 'yan maza ba wanda ya kwana gidan baffa, ba wanda ya bar lakwal, gonar ubanku kuma ita ce kuke nomawa yanzu.

Ranar da na fita takaba na koma kasuwa, na iske Jumma ta share ƙarƙashin bedi, ta shimfiɗa tabarmata, ta ajiye kwando da faifai, ita ta koma hannun dama da ƙoren nononta. Tukwanena sun riga ni isa gida. Uwar saniya ta dawo. Amma Hajiyar Tasawa da ta zo ta gaishe ni, ta yi mani ta'aziyya, ta ce ta saba da hannun Jumma, kuma Jumma tana aika mata har gida. Wasu mata uku ma haka. Bayan wata biyu na ji Jumma ta sayi tukunyarta, tana kai daudawa kasuwar Mayahi. Ba zan yi maku ƙarya ba, na yi kuka, na yi kasuwa biyu ban ce mata ko sannu ba. A ta uku ta miƙo mani ludayin nono ba ta dube ni ba, ta ce, “Na faɗa maki tun a ruga. 'Yan maruƙa nawa ne.” Gaskiyarta ce. Cinikina bai sake komawa yadda yake ba, kusan rabi ya tafi, kuma da sauran rabin na ƙarasa renonku.

Za ku ce me ya hana ni magana bayan ya rasu, tunda alkawarin har ki sauka ne. Ranar sadakar uku zuciya ce, ba zan ɓoye ba, ɗiyar da na haifa ta tuhume ni gaban mata, na ce ba zan wanke kaina ba. Daga baya kuma sai na zauna na auna. In na faɗa maki, za ki san ubanki ya yi wata biyar yana mutuwa tafiyar rabin yini daga inda kike, ya hana a gaya maki saboda abin da ke cikinki. Na ga yadda kike kallon yaron nan, na ji tsoron ki dube shi wata rana ki ga abin da ya raba ki da ganin ubanki. Na ce gara ki riƙe ni da shi, ni na iya ɗauka. Ko daidai na yi ko ba daidai ba, ban sani ba. Yanzu yaron ya fi ki tsawo, yana da dariyar kakanshi, ba abin da zai sa ki ga laifinshi. Ubanki ya zaɓa da idonshi biyu, kuma da ya ji sunan ya ce mun ci.

Abin da ya sa na rubuta yanzu, hancina ya fara tafiya. Bara na buɗe tukunya na ce ta yi, Jumma da ta biyo karɓar rariya ta tsaya bakin murhu ta ce, “Dije, wannan ta wuce tun jiya.” Ban ji komai ba. Harshen ma kaifin toka sai na ɗiga sau uku. Na je na iske ta a ruga na ce saura abu ɗaya cikin habbanayen nan da ba a maido ba, sirrin toka da na buɗe tukunya. Ta ce ta sani, tana jiran mai shi ne, kuma ita ba ta nuna ma ko ɗiyarta ba.

Tun da na haife ki ban kira sunanki ba, kunyar ɗan fari ta hana, Babba nake cewa, ko in ce ke. Yau zan rubuta shi, tunda takarda ba ta da ido. Zainabu, an gama girbi, na tara kara, gurguzu yana zaure. Ki zo mu je bayan gari tun ina iya nuna maki da hannu. In kuma kin iske na riga na tafi, kada ki tsaya kuka a ƙofar gida. Ki bi hanyar gabas ki je ruga, ki ce ma Jumma kin zo karɓar saniyar kakarki.